Mijina ɗan Mormon ne, ya ce cocinsu ya fi namu hidima. Gaskiya ne?

Maman Tabita (Mararaba): Ɗaukaka ga Yesu. 'Yan'uwa, ina neman wanda ya san abin da gaske, ba ji-ta-ji-ta ba. Mijina ɗan Mormon ne tun daga gidansu, mutumin Akwa Ibom, ni kuma 'yar Katolika ce daga Kudancin Kaduna. A cocinmu aka ɗaura mana aure da izinin Bishof. Ba ya hana ni zuwa Misa, wani lokaci ma shi yake sauke ni a bakin ƙofa. Amma duk sanda maganar addini ta taso sai ya ce a duba aiki: su bishof ɗinsu ba a biyansa ko kwabo, samarinsu kan bar gida shekara 2 su yi wa'azi da kuɗin iyayensu, cocinsu kuma yana kashe sama da dala biliyan ɗaya a shekara a kan mabukata. Mu kuwa wai daga baiko na farko sai na biyu, sai kuɗin gini, sai godiyar kaka. Bakina yakan mutu. Abin da yake faɗa haka ne?

Ɗan Zonkwa: Girma ga Maryamu. 'Yar'uwa, tun farko me ya kai ki? Batikan ta riga ta yanke hukunci a kan mutanen nan. Kuɗi ne suke jan mutane da shi, ba wani abu ba.

Shugaban Zaure: Ɗan Zonkwa, a yi hattara. Mijin mutum ake magana a kai, uban 'ya'yanta. Tambaya ta yi, wanda ya san amsa ya ba ta.

Mai Lissafi (Kaduna): Bari in taɓa ɓangaren kuɗin tunda sana'ata ce. Adadin da maigidanki ya faɗa ba shi ya ƙirƙira ba, a rahoton cocinsu yake. Sun ce a 2022 sun kashe dala biliyan 1.02, a 2023 biliyan 1.36, a 2024 biliyan 1.45. A Satumban 2022 sun ba Hukumar Abinci ta Duniya dala miliyan 32 a karo ɗaya, kuma Najeriya na cikin ƙasashe 9 da aka ware wa kuɗin. Wannan hukumar da kanta ta tabbatar, ba su kaɗai suka faɗa ba.

Sai dai duk wanda ya saba da littafin kuɗi, in aka miƙa masa jimilla, tambayarsa ta farko ita ce me da me aka zuba a ciki. Ba duka ne ya tafi sansanin 'yan gudun hijira ko haƙa rijiya ba. Har da taimakon da suke yi wa membobinsu na cikin gida, kuɗin haya da abinci da magani, da shirye-shiryensu na koyar da dogaro da kai. Ba laifi ba ne coci ya kula da nasa, amma mai ji ya san abin da yake ji. Na biyu, su ne suke ba da adadin da kansu. Dokar Amurka ba ta tilasta wa coci ya buɗe littafinsa, kuma rabon da su fitar da cikakken bayanin kuɗin shiga da na fita tun 1959. Na uku, a Fabrairun 2023 hukumar kula da hada-hadar hannayen jari ta Amurka ta ci su tarar dala miliyan 5, miliyan 4 a kan kamfanin jarinsu, Ensign Peak Advisors, miliyan 1 a kan cocin, saboda sun kafa kamfanonin je-ka-na-yi-ka guda 13 don kada a ga girman jarinsu, wanda ya kai wajen dala biliyan 32 a 2018. To, biliyan ɗaya kuɗi ne mai yawa. Amma daga cikin nawa?

Ɗan Zonkwa: Kun ji ko! Ai na faɗa.

Tsohon Ɗan Seminari: Kada ka yi saurin tafi. In ta kai wa mijinta maganar tara, shi kuma ya ɗauko mata maganar Kadinal Becciu, wanda kotun Batikan ta yanke wa ɗaurin shekara 5 da rabi a Disamban 2023 kan badaƙalar kuɗi da ta haɗa da wani gini a Landan, me za ta ce? Ya ɗaukaka ƙara, amma labarin ya riga ya zaga duniya. Gasar tonon silili ba ta da mai ci, a gida ɗaya kuma za su kwana.

Anti Nas (Salt Lake): Salama. A garin da hedikwatarsu take a Amurka nake aiki, bari in faɗi abin da idona yake gani. Mutanen nan suna da tsari, wannan kam a ba su. Ranar Lahadin farko ta kowane wata suna azumi, su bar abinci sau 2, su ba da kuɗin abincin. Bishof ɗin unguwa ne yake rubuta wa iyali mai buƙata takarda, su je rumbun coci su ɗebi kayan abinci ba tare da sun biya ba. Tun 1936 suka kafa tsarin, lokacin karayar tattalin arzikin Amurka. Akwai wani wuri a nan da ake kira Welfare Square, suna gasa burodi, suna sarrafa madara, yawancin masu aikin 'yan sa-kai ne.

Abin da zai ba ku mamaki, a nan ba a wannan gardamar ta wa ya fi wa. Ɗakin ciyar da marasa galihu na St. Vincent de Paul da ke cikin gari na Katolika ne, amma 'yan Mormon na kawo kayan abinci, suna shiga layin masu rabawa. A Janairun 1985, lokacin yunwar Habasha, sun yi azumi na musamman suka tara sama da dala miliyan 6. Ba su da mutane a can da za su raba, sai suka bi ta hannun ƙungiyoyin da suke wurin, ciki har da Catholic Relief Services, ƙungiyar agaji ta Katolika, kuma har yau suna aiki tare. Wato wani ɓangare na kuɗin da mijinki yake alfahari da shi, hannun 'yan Katolika ne yake kai shi ƙauye. Tsofaffin garin nan ma suna ba da labarin 1879, lokacin da Fada Lawrence Scanlan ya yi Misa a babban ɗakin taron 'yan Mormon a garin St. George, mawaƙansu suka koyi waƙoƙin Misa da Latin suka rera masa. A Maris 2019 kuma Fafaroma Francis ya karɓi shugabansu na lokacin, Russell Nelson, a Batikan.

Haifaffen Jos: Na gode da aka bar ni a zauren nan duk da ba ɗan Katolika ba ne, abokina ne ya sa ni tun muna makaranta. Ni memba ne na Cocin Yesu Kiristi na Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, wanda kuke kira Mormon, kuma na yi aikin mishan shekara 2. Ba zan musa abin da Mai Lissafi ya rubuta ba, cocinmu ya biya tarar. Amma Ɗan Zonkwa, maganar cewa da kuɗi ake jan mutane, ka binciki tarihi. Mutanen kudu maso gabashin Najeriya sun yi shekaru suna rubuta wasiƙa zuwa Amurka suna roƙon a zo a yi musu baftisma, ba a zo ba. Sai bayan Yunin 1978, da aka ɗage dokar da ta hana baƙar fata aikin firist, sannan 'yan mishan suka iso, aka yi wa Anthony Obinna, ɗaya daga cikin masu rubuta wasiƙun, baftisma a Nuwamban shekarar. Wane kuɗi ne ya riƙe su duk tsawon jiran nan? Kuma mu ne muke bayarwa, zakka ɗaya cikin goma, ba mu ake ba.

Ɗan Zonkwa: To ka faɗa da bakinka. Coci ya yi sama da shekara 100 yana hana baƙar fata zama firist, ku kuma kuna jira a ƙofa.

Haifaffen Jos: Abin yana mana zafi, ba ma ɓoye shi. Cocin ma ya fito a 2013 ya nesanta kansa daga dalilan wariyar da aka riƙa bayarwa a da.

Tsohon Ɗan Seminari: Bari in koma kan maganar "ba a biyan bishof ɗinmu", don ita ce ta fi kashe wa mutane baki. Gaskiya ce a matakin unguwa: mutum ne mai aikinsa, malami ko ɗan kasuwa, ya riƙe ikilisiya 'yan shekaru a sauke shi a ɗora wani. Manyan shugabanninsu na Salt Lake kuwa, waɗanda suka bar aikinsu gaba ɗaya, ana ba su kuɗin zama, cocin bai musa ba. Mu kuma wa za mu ajiye a gefensa? Sista da ta yi alkawarin talauci tun tana budurwa, ba miji, ba ɗa, ba asusun kanta, har ta tsufa a ɗakin haihuwa. Ita ba shekara 2 ta bayar ba. Asibitin Sacred Heart na Abeokuta tun 1895 yake. A nan Arewa, St. Gerard a Kakuri, Our Lady of Apostles a Jos, wa ya taɓa tambayar mara lafiya katin baftisma a bakin ƙofa? Abin da ya sa ba ki da adadi guda da za ki mayar wa mijinki shi ne namu ba a asusu ɗaya yake ba. Kowace dayosis da nata, kowace ƙungiyar Sistoci da nata, ƙungiyar agaji ta Caritas daban, hukumar adalci da ci gaba da zaman lafiya (JDPC) daban, akwatin Vincent de Paul da ke bakin coci daban. Su kuwa komai yana hawa sama ya taru a wuri ɗaya, shi ya sa suke iya buga jimilla.

Amma akwai inda maganarsa take cizo, kuma ba a kuɗi ba ne. A wajensu kusan kowane memba an ɗora masa wani aiki: kai koyar da yara, ke ziyarar gidaje kaza, ku share coci ranar Asabar. A ikilisiyarmu fa? Mutum ɗari biyar a Misa, masu aiki goma sha biyu ne, su ne 'yan kwaya, su ne masu shara, su ne masu kai wa mara lafiya ziyara, sauran da an ce "ku tafi cikin salama" sun riga Fada fita. Muna jingina da aikin Sistoci kamar mu muka yi.

Maman Tabita (Mararaba): Wannan kam gaskiya ne. Da na haihu, matan cocinsu sun yi sati suna kawo mini abinci bi da bi. Daga namu, Zumunta sun zo ranar suna.

Mama Zumunta (Kafanchan): Mun ji, kuma za mu gyara. Amma 'yata, ni tsohuwa ce, bari in tambaye ki abu ɗaya. Shekarar Tabita nawa?

Maman Tabita (Mararaba): Za ta cika 8 bayan Ista, Mama.

Mama Zumunta (Kafanchan): Na san za a rina. Namiji ba ya tashi haka kawai ya fara karanto wa matarsa lissafin coci. Baba Katikis, bismillah, wannan naka ne.

Baba Katikis: Ɗaukaka ga Yesu. Mama ta gano inda zancen ya dosa. A wajensu shekara 8 ce shekarar baftisma. Ba su yarda da baftismar jarirai ba, kuma duk wanda ya shiga cocinsu, ko daga wace ɗarika ya fito, sai sun sake nitsar da shi. Mu kuma a daidai wannan shekarun ne yaro yake shiga ajin karɓar Jiki da Jinin Ubangiji na farko. Ke nan yarinya ɗaya, coci biyu suna jiranta a wata ɗaya.

Abin da Ɗan Zonkwa ya ambata, bari in faɗe shi yadda yake, don ya ƙara masa gishiri. Ranar 5 ga Yunin 2001, ofishin koyarwar bangaskiya na Batikan, da sa hannun Kadinal Ratzinger da amincewar Fafaroma John Paul na Biyu, ya amsa tambaya guda: baftismar wannan coci karɓaɓɓiya ce? Amsar kalma ɗaya ce, a'a. Ba a ce su miyagu ba ne, ba a ce aikin jinƙansu banza ne ba. Dalilin shi ne, suna cewa da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki kamar mu, amma ba abu ɗaya muke nufi ba. Mu Allah ɗaya muke shaidawa, Uku cikin Ɗaya, marar farko. Su suna koyar da cewa ukun nan daban-daban ne, manufa ce ta haɗa su, kuma Uba yana da jiki na nama da ƙashi. Shi ya sa muke karɓar baftismar ECWA, da COCIN, da Baptist, da Angilikan, ko da mun saɓa a abubuwa da yawa, amma ba mu karɓar wannan.

Saboda haka, 'yata, tunda maigidanki a can kaɗai aka yi masa baftisma, takardar da Bishof ya ba ku ba irin ta mai auren ɗan ECWA ba ce. Ta doka mai lamba 1086 a kundin dokokin Ikilisiya ce, irin wadda ake nema in 'yar Katolika za ta auri Musulmi. Aurenki ingantacce ne a gaban Ikilisiya, kada wani ya gaya miki akasin haka, kuma kina karɓar Jikin Ubangiji ba shamaki. Amma kafin a ba ki ita kin yi alkawari biyu, bisa doka mai lamba 1125: za ki tsare bangaskiyarki, kuma za ki yi iyakar ƙoƙarinki a yi wa 'ya'yanki baftisma a rene su a Katolika. Shi bai yi alkawari ba, tun 1970 Fafaroma Paul na Shida ya sauke wa wanda ba ɗan Katolika ba wannan nauyin. Amma an sanar da shi abin da kika ɗauka, kuma ya ji ya ci gaba da auren. An yi wa Tabita baftisma tana jaririya?

Maman Tabita (Mararaba): An yi, Baba. Yana wurin, shi ya riƙe kyandir ma. Yanzu cewa yake ai wannan albarka ce kawai aka sa mata, ta gaske tana gaba.

Baba Katikis: To a wajenmu ta gaske ita ce wadda aka yi, kuma ba a maimaitawa. In an nitsar da ita a can, ba a wanke ta farko ba, amma an rubuta ta a wani coci, kuma an koya mata cewa ta farkon ba komai ba ce. Nan ne za ki tsaya. Ba da faɗa ba. Doka ta ce iyakar ƙoƙari, ba ta ce ki rushe gidanki ba.

Haifaffen Jos: Baba ya faɗi koyarwarmu daidai, ba ni da abin gyarawa. Zan ƙara abin da mai yiwuwa Maman Tabita ba ta sani ba: ƙa'idar cocinmu ita ce ba a yi wa ƙaramin yaro baftisma sai da amincewar iyayen da suke riƙe da shi. Bishof ɗinmu bai kamata ya ci gaba ba in uwa ta ce ba ta yarda ba. Amma ku ma ku ji ta mijin. A imaninmu aure yana ɗorewa har bayan mutuwa ne kawai in an hatimce shi a haikali, kamar wanda yake Aba tun 2005, kuma wanda ba memba ba ba ya shiga. Mutumin nan kullum yana jin wa'azin iyali na har abada, ya waiwaya ya ga shi kaɗai a benci. Ba lissafin biliyan ba ne yake hana shi barci.

Maman Tabita (Mararaba): Ya taɓa ce mini in na riga shi mutuwa zai sa a yi baftisma a madadina don mu haɗu. Shi a ganinsa ƙauna ce. Ni kuwa tsigar jikina ce ta tashi.

Anti Nas (Salt Lake): Kusan duk 'yar Katolikar da ke auren ɗan Mormon a nan ta ji wannan maganar. Saboda baftismar matattun nan ne Batikan ta umarci dayosis-dayosis a 2008 kada su ba ƙungiyar binciken asali ta 'yan Mormon littattafan baftisma su kwafa. Su kuma suna cewa mamacin yana da zaɓin karɓa ko ƙi. Ki gaya masa ra'ayinki a fili tun kina da rai, yawancinsu suna girmama wannan.

Ɗan Zonkwa: Ni dai shawarata kada ta ƙara taka cocinsu, kada yarinyar ma ta je. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Mama Zumunta (Kafanchan): Kai ka yi aure tukuna. Uba ne fa. Ta yaya za a ce 'yarsa ba za ta san inda yake sujada ba? 'Yata, ki je Misarki ta safe da yarinyar, wannan ba ciniki. Taronsu awa 2 ne, in akwai rana ta musamman ki raka shi, ki zauna, kada dai ki karɓi burodi da ruwan da suke zagayawa da shi. Ki sa ta a ajin katikisim yanzu-yanzu, kada ki jira. Kuma ki riƙa faɗin alherinsa da babbar murya. Mutumin da ba ya shan giya, ba ya shan taba, ko Lipton ba ya sha, ranar Litinin da dare yana gida da 'ya'yansa? Akwai mata a Zumuntarmu da suke azumi a kan rabin wannan.

Mai Lissafi (Kaduna): Ƙaramin abu amma yana kawo rigima: zakkarsa ta ɗaya cikin goma daga albashinsa ne, ba daga kuɗin gida gaba ɗaya ba. In kina da sana'a, naki baikon ki kai inda kike so. Ku raba wannan tun yanzu.

Maman Tabita (Mararaba): Na nuna masa zauren nan jiya da dare. Ya karanta duka, har na Ɗan Zonkwa, ya yi dariya a kan Lipton, ya yi shiru a kan maganar Haifaffen Jos. Bai janye ba, ni ma ban janye ba. Ya ce zai bi ni wurin Fada, amma da sharaɗin ni ma in bi shi mu zauna da bishof ɗinsu. Baba Katikis, wannan ya halatta?

Baba Katikis: Ya halatta, ki je. Amma ku fara da Fada, kuma ki nemi ya buɗe fayil ɗin aurenku a gaban maigidan, ya karanta alkawarin da kika sa wa hannu da wurin da aka rubuta cewa an sanar da shi. Wurin bishof ɗinsu kuma ki saurara da ladabi, ki faɗi naki, in an miƙo miki takardar amincewa da baftisma kada ki sa hannu. Tabita ta zauna a gida duka ranakun biyu, ba ta kai shekarun da za a sa ta zaɓi tsakanin uwa da uba ba.